Kanwa, Kemis ko Tattaki: Me Ya Fi Sauke Kumburin Ciki Bayan Tiyatar Rage Tumbi?

Daren da muka iso Gombe da Adda, kwana 11 bayan an yi mata aikin rage tumbi, wato tiyatar rage ƙiba, a Alƙahira, ba wanda ya runtsa a ɗakin. Cikinta ya yi tam kamar ganga, ta dafe bakin gado tana cewa, "Ke dai ki taimake ni in yi gyatsa ko sau ɗaya ne." Kafin hantsi shawara ta rabu mana uku. Goggo ta aiko yaro daga Bolari da jar kanwa ƙulle a leda, ta ce a jiƙa a tace a ba ta. Mijin Adda ya ɗauki makullin mota zai je kemis a haɗo magani. Takardar sallamar asibiti kuwa, wadda na yi ta jujjuyawa da hasken waya, abin da ta nanata shi ne a tashi a taka, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Duk mai jinyar wanda aka yi wa wannan aiki zai tsinci kansa a tsakanin waɗannan ukun, kuma kowanne daga mai ƙaunarka yake fitowa. Shi ya sa zaɓin ke da wuya.

Abin da ya warware mini kai shi ne gane cewa iskar ba iri ɗaya ba ce. Yawancin wannan aiki yanzu ba a tsaga ciki. Ƙananan ƙofofi huɗu ko biyar ake hudawa a zura kyamara da kayan aiki, sannan a hura iskar kabon-dayoksaid a ramin cikin don likita ya samu fili. Idan an gama ana sako ta, amma 'yar kaɗan takan maƙale a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Jijiyar wannan tantani tana da alaƙa da kafaɗa, shi ya sa mutum zai farka daga tiyatar ciki ya ce kafaɗa ke masa ciwo. Wannan iska ba a cikin hanji take ba, saboda haka babu abin da za a haɗiya ya same ta. Jini ne ke tsotse ta a hankali, huhu ya fitar, cikin 'yan kwanaki ta wuce. Adda ta yi fama da ita a kwana ukun farko, tun muna Masar.

Ta biyu ita ce iskar da ake haɗiya tare da ruwa da yawu. A aikin silib, wanda aka yi wa Adda, ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa ya haɗa da saman tumbin mai talewa, inda iska ke taruwa ta jira gyatsa. A aikin baifas kuwa, wani nau'in aikin rage tumbin, 'yar jaka ake yi a saman tumbin wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, mai ɗaukar abin da bai fi cokali biyu na cin abinci ba. Ga kumburin ɗinki a kai. Iskar da a da ba za ka san ka haɗiye ta ba, yanzu ba ta da wurin zama. Ta uku kuma a babban hanji ake yin ta, idan ƙwayoyin da ke zaune a can suka samu abin da bai narke ba suka ruɓar da shi. Ita ce mai ƙugi da murɗa da wari, kuma idan bahaya ya ƙulle sai ta rasa hanyar fita.

Bari in fara da kanwa, don ita ce ta fi kusa da hannu kuma ita aka fi yarda da ita. Ba ƙarya iyayenmu suka yi ba: wanda ya ci tuwo ya ƙoshi cikinsa ya ɗaure, idan ya sha ruwan kanwa yakan yi gyatsa mai ƙarfi ya ji sakayau. Sai dai a tambayi daga ina gyatsar ta fito. Kanwa dangin soda ce. Da ta haɗu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi sai ta tafasa ta haifar da sabuwar iska, wannan iskar ce ke tunkuɗo sama. Lafiyayyen tumbi yana talewa ya ɗauka. Tumbin da aka yanke aka maƙale da ɗaruruwan ƙananan ƙarafuna, ɗinkin bai gama kamawa ba, ba abin da yake gudu kamar matsi daga ciki.

Da Goggo ta zo da la'asar ta tarar ba a jiƙa ba, ranta bai yi daɗi ba. Na ɗauko kofin gilashi na ɗan daka kanwar na zuba, na matsa lemun tsami a kai. Nan take ta yi tsuwwa, kumfa ta taso har ta kusa bakin kofin. Na ce, "Goggo, kin ga abin da za ta yi a cikin Adda, kuma cikin nata yanzu bai kai rabin kofin nan ba." Ta daɗe tana kallon kumfar, sannan ta ce, "Ikon Allah. To 'yar nan, a ajiye ta." Ban da kumfar ma, kanwa ba ta da ma'auni, wata ta fi wata kaifi, takan zo da ƙasa da yashi, kuma tana da sinadarin gishiri mai yawa, alhali da yawa daga masu yin wannan tiyata dama suna da hawan jini. Hukuncinta ɗaya da duk wani abu mai kumfa: Andrews, Eno, bakin-soda na yin kek, da lemon kwalba kowane iri, har wanda aka rubuta babu sukari a ciki. Ni a ganina waɗannan ba sa cikin zaɓi ma sam.

Sauran kayan gargajiya ba su kai kanwa haɗari ba, amma sai an tantance. Ruwan ɗumi da aka jefa wa siririn yanki na ɗanyar citta aka tace, ba sukari ba zuma, ya yi wa Adda amfani wajen tashin zuciya, ɗumin kuma yana sassauta murɗa. Amma a ce siriri, ba irin shayin da ake dankara wa citta da kanumfari da masoro har ya yi yaji ba, wannan ƙona sabon tumbi zai yi. Na'a-na'a tana kwantar da hanji, sai dai tana sassauta bakin tumbi na sama, ƙwannafi kuwa dama shi ne babban abokin gabar masu silib. Hulba da tafarnuwa kansu suna kawo iska. Garin gawayi yana kama magungunan da aka sha tare da shi ya hana su aiki. Zuma da dabino, duk albarkarsu, a dakata da su tukuna: zaƙi mai yawa idan ya faɗa hanji da sauri, musamman ga mai baifas, cikin minti 10 zuwa 30 sai ka ga gumi, bugun zuciya, jiri da gudawa, mutum ya ɗauka wani sabon ciwo ne ya same shi.

Sai kemis. A nan akwai abu mai kyau guda ɗaya da tarko guda ɗaya, kuma a kanta ɗaya suke zaune. Mai kyan shi ne simetikon, wanda ake samu da sunaye irin su Gas-X, ko Infacol na ɗigawa jarirai. Aikinsa ɗaya ne tak: yana fasa ƙananan kumfa su haɗe su zama babba, ta yadda gyatsa ko tusa za ta fito da su cikin sauƙi. Ba ya shiga jini, yadda ya shiga haka yake fita, shi ya sa likitocin wannan fanni da yawa ke yarda da shi tun satin farko. Manya kan sha miligiram 40 zuwa 125 a lokaci ɗaya, ba a wuce 500 a yini, kuma na taunawa ko na ruwa ake so, ba ƙwayar da za a haɗiye ɗungurungum ba. Mun tura wa likitan Adda hoton kwalin ta WhatsApp ya amince kafin ta sha. Ya taimaka, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ba ya hana iska samuwa, ba ya taɓa ciwon kafaɗar kwanakin farko, ba ya buɗe bahaya. Wani ma zai sha bai ji wani bambanci ba.

Tarkon shi ne haɗi. Ka ce wa mai kemis ciki na ciwo, sai ya ƙirgo maka ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a 'yar farar leda ba suna ba kwali, kuma da wuya a rasa maganin ciwon jiki a ciki. Ibufurofen, dikulofenak, Feldene da asfirin duk gida ɗaya ne, suna cinye rigar da ke kare bangon tumbi, suna iya haifar da gyambo da zubar jini a daidai inda aka yi ɗinki. Masu baifas ma akan ce su guje su har abada. Farasitamol na ruwa shi ne abin da aka saba bayarwa. Tiramadol da kodin suna kashe zafi amma suna sa hanji ya yi barci, sai bahaya ya ƙulle, iska ta ƙaru, a sake neman maganin ciwo. Shi kuma omefurazol da akan rubuta na wasu watanni bayan aikin, ba maganin iska ba ne, na rage tsamin ciki ne don ɗinki ya warke, kada a ajiye shi don an ga bai sauke kumburi ba. Na roƙi mijin Adda ya mayar da makullin aljihu, ya kuma mayar.

Idan kumburin na ƙasan cibiya ne kuma an kwana uku ba a zaga ba, to matsalar ƙullewa ce, a nan ma akwai zaɓi. Tun farko dai wanda ke shan ruwa-ruwa kawai ba zai riƙa zagawa kullum ba, wannan ba abin tsoro ba ne. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa ma tana taurara bahaya. Laktulos, maganin sassauta bahaya da ake samu a shagunanmu, yana aiki, amma yadda yake aikin shi ne ƙwayoyin hanji su ruɓar da shi, wato yana ƙara iskar da ake gudu. Makrogol, wanda aka fi sani da Movicol, ruwa yake riƙewa a cikin bahaya ba tare da ruɓa ba, ya fi sauƙi ga mai kumburi, sai dai tsada da wuyar samu. Garin da ke kumbura a ruwa irin su Fybogel ba na satuttukan farko ba ne, don yana buƙatar ruwa mai yawa da mai sabon tumbi ba zai iya sha ba, yana iya toshe hanya. Filasko kuwa murɗar da yake yi ta fi ƙarfin wanda ke da sabon ɗinki, ga gudawa mai ƙarar da ruwan jiki. Wannan zaɓi na likita ne, a tambaye shi.

Na bar tattaki a ƙarshe don shi ne na raina da farko, kuma shi ne ya fi duka. Shi kaɗai ne ke aiki a kan iskar nan uku gaba ɗaya: yana taimaka wa jiki ya kwashe ta tiyata, tsayuwa tana ba gyatsa hanya, motsi kuma yana tada hanjin da maganin barci da kwanciya suka kasalar. Ga wata riba da kanwa da kemis ba su da ita, wato hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, wanda yana cikin abubuwan da ke kashe mutane bayan irin wannan aiki. Ba tafiya mai nisa ake nufi ba. Minti biyar zuwa goma, kowace awa ɗaya ko biyu idan ana farke. Adda daga ƙofar ɗakinta take farawa ta je gindin dalbejiyar tsakar gida ta dawo, tana dafe da kafaɗata, ɗayan hannun riƙe da ɗan matashi a kan ciki. A zagaye na huɗu na wani yammaci ta tsaya cak, ta yi wata doguwar gyatsa, hawaye suka zubo mata, ta ce, "Alhamdu lillahi." Mun yi aikin a watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40, don haka doguwar tafiyar bayan asuba da bayan magariba muke yi, da rana kuma a falo take kai da komo. Na kuma gane daga baya cewa kumburin daren farko tafiya ce ta jawo shi: a jirgi iskar ciki tana buɗewa saboda raguwar matsin iska a sama, sannan ga awanni a zaune a mota daga Kano. Wanda zai yi wannan hanya ya riƙa tsayawa duk awa ɗaya ya sauka ya taka.

Akwai abin da ke hana tattaki aiki a gidajenmu wanda takardar asibitin waje ba ta san da shi ba, shi ne kunya. 'Yan dubiya sun cika ɗaki tun safe, surukai da maƙwabta, mara lafiya tana zaune a tsakiya tana matse iskar da fitarta ita ce lafiyarta. Ga kuma tsoron karyewar alwala. Na ga Adda tana ƙin tashi ta taka bayan ta yi alwala don kada ta sake. Mai jinya ya zama shi ne mai tsaron ƙofa: a gaisa a yi addu'a, a ce likita ya ce ta tashi. Addini kuwa ya yalwata. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, kuma ruku'u da sujada suna matse ciki a satuttukan farko. Wanda iska ke yawan kuɓuce masa ya tambayi malami hukuncinsa, akwai sauƙi a mazhabarmu.

Duk wannan magani ne bayan iska ta samu. Abin da ya rage ta tun daga tushe shi ne yadda ake sha. Ana son lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya-wata uku zuwa huɗu. Amma kada a tsotsa daga ledar, ko daga bakin gora, ko da tsinken shan lemo, duk iska suke tura wa ciki. Cingam ma haka, ga shi wanda ba sukari yana da sinadarin zaƙi na sobitol mai kumbura ciki. Mun yi amfani da ɗan kofin awon maganin yara mai mililita 30: kofi ɗaya duk minti 15, a zaune miƙe, ba magana ana sha. Idan aka lissafa awa 14 a farke ya haura lita ɗaya da rabi. Da aka fara cin abinci mai laushi kuma, sai a raba ci da sha da rabin awa, kada a kwanta nan take.

Zaɓin da ya fi ba mu wahala shi ne na madara. Ana buƙatar abinci mai gina jiki giram 60 zuwa 80 a yini, kuma a lokacin ruwa-ruwa madara ce hanya mafi sauƙi. Na riƙa rubuta duk abin da Adda ta sha da lokacinsa a bayan wani tsohon littafin makaranta, kwana uku kacal sai ga ɓarawo ya bayyana: duk sanda ta sha madarar gari, bayan awa ɗaya ko biyu ciki ya fara ƙugi. Sukarin madara, laktos, da yawanmu dama ba ma narkar da shi sosai, tiyata kuma takan fito da abin fili. Kindirmo ya fi sauƙi domin tsamin da ya yi ya cinye wani kaso na wannan sukari. Sai dai ban yarda da na talla ba ga mai sabon ɗinki, don ba ka san ko an tafasa madarar ba, ba ka san ruwan da aka ƙara ba. Mun riƙa sayen ɗanyar madara mu tafasa da kanmu, mu yaye man, mu kwana da ita. Madarar waken suya ba ta da laktos kuma tana gina jiki, amma wake wake ne, wasu tana kumbura su, a gwada cokali biyu a jira. Romon kaza ko na kifi da aka yaye mai aka tace, ba barkono ba albasa mai yawa, bai taɓa damun Adda ba, sai dai abin gina jikin da ke cikinsa kaɗan ne, ba zai wadatar shi kaɗai ba. Koko da kunu suna shiga da daɗi, amma yawancinsu sitaci ne, suna cinye wurin da ba shi da yawa. Alale, ƙosai, ɗanwake da kabeji kuwa sai an kai matakin abinci mai laushi, shi ma alalen da aka surfe wakensa tas ne farko, cokali ɗaya.

Akwai ranar da kanwa da kemis da tattaki duk ba su ne amsa ba, kuma wannan ne na fi so mai jinya ya riƙe. Ɗinki yana iya yoyo, kuma farkonsa kama yake da iska. Bambancin shi ne iska tana zuwa ta tafi, tana sauƙi idan an taka ko an yi gyatsa, yoyo kuwa ƙaruwa yake yi. Ki sa yatsu biyu a wuyan hannu ki ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15: idan ya kai 30 mutum yana hutawa, wato 120 a minti, kuma ya ƙi sauka, kada a jira safiya. Haka zazzaɓin da ya haura maki 38, ciwon kafaɗar hagu da ya dawo bayan ya tafi, numfashi sama-sama, amai da ya hana ko ruwa zama, baƙin bahaya kamar kwalta, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Zazzaɓi a nan kada a ce maleriya ce a sayo magani. A ɗauki takardar sallama a nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a faɗa musu tun a bakin ƙofa wane aiki aka yi da kuma ranar da aka yi shi. Wanda gidansa ke Dukku ko Bajoga ko Kaltungo, shawarata ya yi wata ɗayan farko a cikin gari wajen 'yan'uwa.

A sati na huɗu kumburin Adda ya koma sai jefi-jefi, yawanci ranar da ta yi saurin sha ko aka yi baƙi ta daɗe a zaune. Kwalin simetikon ɗin ba mu ƙarar da shi ba. Goggo kuwa ta koma aiko da romon kifi a ƙaramin filas duk ranar Juma'a, kuma kafin ta zauna sai ta tambaya, "Yau sau nawa ta je gindin dalbejiya?"